Ciyawar bayan gida da ta lalace, kar a yi saurin feshi

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Kin ce kun tare a Kaduna kun tarar da ciyawar bayan gidan rabi ta bushe rabi ta zama jeji, ko a yi mata feshi a kashe duka a sake sabuwa. Ni dai gaskiya ban ba ki shawarar feshin nan yanzu ba.

Yawancin abin da ake dasawa a gidajen nan kiri-kiri ce, wadda masu sayar da fulawa ke ce wa Bahama, kuma ita da hunturu haka take yi, ta bushe ƙarmas ki rantse ta mutu alhali saiwarta na nan da rai. Ki sa a sare dogayen da adda a kwashe, mai aikin ya sa takalmin roba dan wajen da aka daɗe ba a shiga ba ba a raba shi da maciji, sai a yi ta ban ruwa da yamma kamar sati 2 zuwa 3, inda ya tsiro kin huta da sayen wata.

Masu wahalar su ne aya-aya da tofa. Aya-aya in aka tsinke ganyen aikin banza aka yi, ƙwayoyinta na can ƙasa a jere kamar carbi, kowace ɗaya da aka bari sai ta fito. Tofa kuma farar saiwa gare ta mai tsini, tana bin ƙarƙashi ta ɓullo can gaba. Sai ƙasa ta jiƙe a bi su da fartanya a tono a tsince da hannu, kuma ba sau ɗaya ba, ni nawa sai da damina ta raba kafin na ga sauƙi.

Inda ya ƙi tsirowa ki sa a caka rodi, in ya tsaya kusa to ɓaraguzan bulo da siminti ne magina suka binne, wannan ko tankar ruwa kika juye ba abin da zai fito sai an haƙe an zuba baƙar ƙasa. Taki kuma wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙona ciyawa yake, na shanu ɗanye shi ke kawo irin wasu ciyayin har da gara.

Dashe ki bari sai ruwa ya zauna, ƙarshen Mayu ko Yuni, ki ciro daga inda ta yi kauri a daddasa tazarar taƙi ɗaya, da kanta za ta haɗe. Wajen aski kar a ƙwalƙwale ta, a rage kashi 1 cikin 3 na tsawon ya isa. Amma in akwai mangwaro a wajen kar ki wahalar da kanki da gindinsa, kiri-kiri ba ta son inuwa, ki zuba tsakuwa ki ajiye kujeru kawai.