Injin Girgiza Zai Cire Ƙayar Ƙarfen da Ke Cikin Rami?

Tambaya: Muna ƙera ƙananan sassan bawul na ƙarfe, kowanne bai wuce babban yatsa ba, da ramuka biyu da suka haɗu a ciki. Yara uku ke yini da magagari suna cire ƙayar ƙarfe da injin yanka ke bari a bakin yankan. Aikin na cin lokaci, kuma hannun kowa daban. An ba ni shawarar sayen injin girgiza. Zai wadatar?

Amsa: Malam, zai yi maka rabin aikin, amma rabin mai sauƙi. Injin girgiza kwano ne da ake cika wa da 'yan duwatsun tangaran ko na roba, a zuba ruwa da sabulunsa, sassan su yi ta gogayya da duwatsun na tsawon sa'a ko fiye. Gefen waje yana fitowa sumul, kuma duka iri ɗaya. Sai dai dutse ba ya cin inda bai shiga ba. Mahaɗar ramukan nan naka tana can ciki. In ka zaɓi dutse ƙarami don ya shiga, sai ya maƙale, yaran su ajiye magagari su ɗauki tsinke.

Ƙayar ciki kuwa ita ce mai haɗari. Ran da mai ya bi ta ramin da ƙarfi, sai ta ɓalle, ta toshe wata kafa ko ta karce robar da ke hana yoyo.

Manyan masana'antun motoci kan bi hanyoyi biyu. Ta farko wuta ce: a rufe sassan a tukunyar ƙarfe, a ɗura iskar gas da oksijin, a kunna. Zafin kan kai wajen digiri 3,000, amma na kimanin kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙayar siririya ce, ba ta da inda za ta tura zafin, sai ta ƙone. Jikin ƙarfen mai kauri ɗumi kawai yake yi. Gas ba ya barin lungu, shi ne amfaninta. Illarta, tana barin tsatsa-tsatsa da sai an wanke, kuma ƙaya mai kaurin gindi ba ta ƙonewa duka. Ta biyu lantarki ce da ruwan gishirin sodiyam naitret, wanda ke narkar da ƙayar daidai inda aka saita wata sanda mai ɗauke da lantarkin. Tana da tsafta, amma kowane samfurin kaya sai an ƙera masa tasa sandar. Dukansu biyun sai mai fitar da dubbai a kai a kai. Ban ga dalilin da ƙaramin wurin aiki zai ɗora wa kansa wannan kuɗi ba.

Ni da zan fara ne daga injin yankan. Ƙaya na fitowa ne a inda bakin mahuji ya ɓulla, domin ƙarfen ƙarshe ba shi da abin jingina, sai ya lanƙwashe maimakon ya yanke. Dakusasshen mahuji na ninka ta. Ka riƙa sauya shi da wuri, ka rage saurin turawa dab da ɓullawa, ka kuma gwada sauya wane rami ake fara hudawa, don ƙayar ta faɗo ɓangaren da kayan aiki ke kaiwa. In injinka mai kwamfuta ne, ƙara masa wuƙa mai kan ƙwallo ko burushi mai yashi a gashinsa, ya share mahaɗar kafin a kwance kayan. Daga nan injin girgiza ya ji da waje.

Kafin ka biya kuɗi, ba mai sayarwa sassa ashirin ya gwada. Ka tsaga uku a tsaye, ka duba mahaɗar da madubin ƙara girma, ka kuma sake auna faɗin bakin ramin, don gogayyar kan ci gefen da kake so ya zauna da kaifinsa.