Ba Sienna ce ta ci kuɗinka ba, Alhaji

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko mini da tambaya. Shekara biyu da suka wuce ya sayi Toyota Sienna 'yar Kwatano, ya danƙa wa ƙanin uwargidansa yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna, bisa sharaɗin zai riƙa kawo balas duk mako. Da farko yana kawowa, daga baya sai a kawo yau, gobe a ce gyara ya cinye. Sau biyu inji yana bugawa, yanzu haka motar tana jibge a gareji. Alhaji yana zargin tun farko ruɓaɓɓiyar mota aka sayar masa. Yana so ya ciri naira miliyan 20 daga jarin shago ya sayi bas ƙirar Hiace, wadda direbobi ke kira Homa, don kowa ya ce masa ita ba ta mutuwa, kuma yaron ya tabbatar masa za ta riƙa kawo dubu 40 kullum. Tambayarsa ita ce: tsakanin Hiace da wata Siennar, wacce ta fi?

Alhaji, sau biyu na karanta saƙonka ina neman lissafi ɗaya tak, ban gan shi ba. Ka faɗa mini launin motar, ka faɗa mini shekarar ƙirarta, har yadda bakanike ya yi maka rantsuwa ka faɗa. Amma nawa ta shigo maka da shi cikin shekara biyu, nawa kuma ka kashe mata? Shiru. Na san ba ɓoye mini ka yi ba, kai ma ba ka sani ba ne. Kai da in turmi ɗaya ya ɓata a cikin dila sai ka hana yaran shago tashi har sai an gano inda ya shiga, ka ɗauki dukiyar miliyoyi ka sa a kan titi, babu ko littafin 'yan makaranta mai shafi sittin da ake rubuta abin da ta shiga da abin da ta fita. Nan ciwon yake. Ko Hiace ka saya, ko tirela, da wannan ciwon za ka bi ta.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne kamfanin Toyotan nan da kake yabo a cikin sana'arku aka haife shi, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne ainihin abin da ka yi watsi da shi. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne a wani ƙauyen Japan da ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa. Injinan saƙa ya yi rayuwarsa yana ƙerawa. Babbar hikimarsa ita ce injin da yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke. Kai mai yadi ka fi ni sanin ma'anar wannan: in zare ya tsinke inji ya ci gaba da gudu, yadi goma ko ashirin za a saƙa duk da tabo, sai an gama a gane. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi haƙƙin ƙera irin wannan inji a kan fam 100,000. Kiichiro, ɗan Sakichi, ya buɗe sashen ƙera motoci a cikin kamfanin injin saƙar a 1933, sannan a 1937 sashen ya tsaya da ƙafarsa da sunan Toyota. Wannan ɗabi'a ta tsayawa da an ga matsala suka ɗauko daga masaƙa suka kai masana'antar mota, har aka ba ma'aikaci na ƙasa ikon jan igiya ya tsai da layin haɗa motoci in ya ga abin da bai yi masa daidai ba. Kai kuwa zarenka ya tsinke tun makon farko da aka ce maka gyara ya cinye balas ba tare da an nuna maka rasit ba, ka bar injin yana gudu shekara biyu.

Taiichi Ohno, wani injiniyan Toyota wanda shi ma daga kamfanin kaɗin zare na gidan Toyoda ya koma ɓangaren mota, yakan sa ma'aikatansa su tambayi “me ya sa” har sau biyar kafin su yarda sun gano tushen matsala. Mu gwada a kan motarka. Me ya sa injin ya buga? Bakanike zai ce baƙin mai ya daskare ya toshe hanyoyinsa. Me ya sa ya daskare? Ba a yi juye a kan lokaci ba, ko an zuba na galan na bakin titi. Me ya sa? Kuɗin juyen ya tafi wata hidimar. Me ya sa ba ka sani ba? Babu littafi. Me ya sa babu littafi? Wannan kai za ka amsa, amma zan taimaka maka: kana jin nauyin Hajiya da iyayenta, kana gudun a ce ka mai da ɗan gida bare. Ka ga ba mu kai ga dillalin Kwatano ba ko sau ɗaya.

Ban ce dillali waliyyi ba ne. Akwai motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye su a Amurka, a yi gwanjonsu, a gyara jiki a fesa fenti a kawo mana, a kuma mai da agogon tafiya baya. Da ka sa an bincika lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 kafin ka biya, da ka san tarihinta. Kuma Sienna ta farkon ƙira, ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, an san injinta da saurin daskarar da baƙin mai in aka yi sakaci da juye. Masu ita a Amurka sun yi ta ƙorafi a kai har maganar ta kai kotu. Amma ka lura da kyau: inji biyu ka kashe. Na farko ka ce na dillali ne, na ji. Na biyun fa, wanda kai da kanka ka bayar da kuɗi aka sayo? Shi ma dillalin Kwatano ne ya kashe shi?

Maganar Toyota ba ta mutuwa, ina so ka cire ta daga ranka yau. Gaskiya ne motoci ne masu haƙuri. Corolla da aka fara ƙerawa a 1966 ta haura miliyan 50 da aka sayar a duniya zuwa 2021, ba a banza ba. A 1987 sojojin Chadi sun kori dakarun Libiya masu tankoki daga mafi yawan arewacin Chadi a kan a-kori-kura ƙirar Toyota, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan kamfanin. Amma shi kansa kamfanin bai taɓa cewa motarsa ba ta kuskure ba. Mota ƙirar Crown da ya fara kaiwa Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ta kasa jure gudun manyan titunansu, tana zafi tana karkarwa, dole suka dakatar da kai ta suka koma suka yi gyara. A 2009 da 2010 sun janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, har shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri. Haƙurin Toyota shi ne yake cutar masu sakaci. Wata motar in ka hana ta juye, cikin wata biyu za ta tsaya ta tona maka asiri. Ita wannan za ta yi shiru ta ɗauki zalunci shekara guda, ranar da za ta yi magana kuwa sai dai a sauke inji.

Na taɓa raka wani ɗan kasuwar hatsi gareji, mai bas uku, duka a hannun 'ya'yan yayyensa. Bakanike ya kwance murfin saman injin ɗaya daga cikinsu ya kira mu mu gani. Abin da ke ciki ba mai ba ne, kamar kwalta aka dafa ta huce, sai da ya sa sukundireba yana kankarowa yana ɗorawa a kan kwali. Ya duba lagireto, ruwan rijiya ne ja wur da tsatsa. Mutumin nan ya rantse mini duk wata yana ba da kuɗin sabis a hannu, kuma na yarda da shi. Cikin shekara uku bas ukun suka zama ɗaya, ita ma aka sayar aka biya bashi. Asarar ƙarfen ba ta dame shi kamar yadda yayarsa ta daina shiga gidansa ba, don da aka zo rabuwa babu takarda, kowa da nasa lissafin a ka, kowa kuma yana ganin shi aka zalunta. Zumuncin da ya ƙi yin rubutu don ya kare, rashin rubutun ne ya raba shi.

Na kuma san wata hajiya, tsohuwar malamar makaranta, mai Hiace ɗaya tal da ta saya da kuɗin sallamarta. Ɗan ƙaninta ne direban, ka ga ita ma ɗan'uwa ta ba. Amma duk dare motar a ƙofar gidanta take kwana. Takan fito da tocila ta leƙa agogon tafiya ta rubuta lambar, ta rubuta lodi nawa aka yi, man nawa aka sha. Ranar juye ita take sayen baƙin mai a wurin dila ɗaya da ta yarda da shi, a zuba a gabanta, ta karɓi galan ɗin da babu komai ta tafi da shi gida don kada a sake cika shi da jabu. An yi mata surutu a dangi, an ce ta cika ƙwaƙwa. Motar ta haifi ta biyu, yaron kuma yanzu da tasa.

Yanzu lissafin dubu 40. Na san yadda ka buga shi a ranka: sau kwana 30, miliyan ɗaya da dubu 200 a wata, cikin wata 17 kuɗi sun dawo. Babu motar haya da take aiki kwana 30. Ka cire ranakun gareji, da ranakun da layi bai zo kanta ba a tasha, da ranar da direba ba shi da lafiya ko yana da suna. In ka samu kwana 22 ka gode wa Allah: dubu 880 ke nan. Daga ciki ka ware aƙalla dubu 300 na juye da taya da birki da shokozoba da sabunta takardu, da ɗan abin da za a ajiye don ranar da giya ko inji zai nemi babban aiki. Saura dubu 580. A haka sai ka yi kusan shekara uku kafin miliyan 20 su dawo, in babu hatsari, in kuma balas ɗin yana zuwa cif, abin da ƙaninku bai yi ba ko a kan Sienna. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma, direba da mai mota a kan ɗan abin da ya rage bayan gidan mai suke kokawa. Ka tambayi kanka sau nawa miliyan 20 ɗin nan za su juya a shagonka cikin shekara uku, da azumi uku da salla shida a ciki. Wannan lissafin ka fi ni iya shi.

Cirar kuɗin daga jarin shago kuwa, shi ne abin da ba zan sa maka hannu a kai ba ko da wasa. A 1950 Toyota ta kusa rufewa. Tattalin arzikin Japan ya tsuke bayan yaƙi, sun yi ta ba da motoci bashi kuɗi ba sa dawowa. Bankuna suka yarda su ceto ta bisa sharaɗin a raba kamfanin sayarwa da na ƙira, kowa da asusunsa, don kada ramin ɗaya ya haɗiye ɗayan. Aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, Kiichiro da kansa, wanda ya kafa kamfanin, ya sauka daga kujerarsa. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar da yaƙin Koriya ya ɓarke ce ta farfaɗo da su, kuma sai a 1982 aka sake haɗe kamfanonin biyu. Kai ba ka da bankin da zai tilasta maka raba aljihu, don haka kai za ka tilasta wa kanka. Na tabbata injin nan na biyu daga cinikin shadda aka saye shi, kuma ba ka rubuta shi a matsayin bashin da mota ta ci wa shago ba.

Kada ka sayi komai yanzu. Ka ɗauki bakaniken da kai ka zaɓa, wanda yaron bai sani ba, ku je garejin a buɗe injin a gabanka, ya faɗa maka abin da ya kashe shi da abin da gyaran zai ci. In gyaran bai kai rabin darajar motar ba, a tashe ta. Sannan ka kira ƙanin naku, ga Hajiya ga wani babba daga gidansu, a zauna. Ba shari'ar abin da ya wuce za ka yi ba, don ba ka da hujja, kuma rabin laifin naka ne. Za ka ce daga yau ga balas, ga ranar biya, ta asusun banki na motar ita kaɗai, ga inda za ta kwana, juye da sayen kayan gyara kuma a hannunka suke. A rubuta, kowa ya sa hannu. In wani ya ce rashin yarda ne, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma da muminai take magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In yaron ya ƙi sharaɗin, ka karɓi makullinka, ka ba shi ɗan jari kyauta gwargwadon ƙarfinka don zumunci, ka nemi direba a tasha ta hannun shugabannin ƙungiya, da mai tsaya masa.

Ka yi wata shida a haka, kana rubuta lambar agogo duk dare. Bayan nan ka aiko mini da hoton shafukan littafin, mu zauna a kansu mu ga ko Sienna ta tara abin da za a fara maganar Hiace.