Ga ɗan'uwan da ya gama jami'a yake son shiga harkar rubutu

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa karatun albarka. Ka ce ka gama sashen Larabci a Jami'ar Musulunci ta Madina, ranka na son rubutu da Hausa amma ba ka san ta ina za ka fara ba, kuma kana tunanin ko zai riƙe ka.

Toh gaskiya da farko ba zai riƙe ka ba, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Ni nan Jidda da rana koyarwa nake, rubutu sai bayan isha'i, kuma abin da ya fara kawo min riyal fassara ce. Ofisoshin jaliyat, wato masu wa'azi ga baƙi mazauna Saudiyya, suna buga ƙananan littattafai na Hajji da Umara da tauhidi, suna neman wanda ya iya Larabci ya kuma iya Hausa, ka ga kai kana da abin da marubuta da yawa a gida ba su da shi. Hausa tana da gurbinta a ƙasar nan wallahi, fassarar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi a Mujamma'in Sarki Fahad, wato maɗaba'ar Alƙur'ani ta Madina, ake buga ta nan kusa da kai, huɗubar Arfa ma ana fassara ta da Hausa. Sai dai ku yi tsada kafin ka taɓa aikin, akwai wanda na fassara wa littafi guda cur ya sallame ni da jazakallahu khairan.

Inda ɗalibanmu ke samun matsala ita ce Hausar kanta. Mutum ya shekara da shekaru cikin nahawu da balaga, in ya zo rubutu kalmomin Hausa ne amma ginin jimlar na Larabci, mai karatu ya yi ta tuntuɓe. Abin da nake yi, lokacin Umara sai in samu wata tsohuwar hajiya a masaukin alhazai in karanta mata shafi ɗaya da ƙarfi, duk inda ta ce "me ka ce ɗan nan?" sai in ja layi in sake wurin. Ka kuma zauna ka koyi ƙa'idojin rubutu, raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, edita yana ganin sakin layin farko ya san ko ka iya.

Sannan dan Allah kar ka tsaya a fassara kaɗai. Akwai tsofaffi a Makka da Madina da iyayensu suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa, suka bi ta Chadi da Sudan suna noma suna ƙwadago a hanya, wasu shekaru suka yi kafin su tsallako Bahar Maliya ta Suwakin. Suna ta rasuwa da labarinsu a baki, abin yana damuna sosai. Ka je da wayarka ka nemi izini ka naɗi muryarsu, ka rubuta, ka riƙa sawa a Facebook duk sati ba fashi, in hannu ya faɗa sai ka gwada tura wa jaridar Aminiya.

Ka fara tun kafin iƙamarka ta ɗalibi, wato izinin zamanka a ƙasar, ta ƙare, don in ka koma gida waɗannan mutanen sun yi maka nisa. In ka rubuta shafi biyu turo min in duba maka insha Allah.