Amsa: Kwana a tanti cikin gona wajen Haɗeja

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kai da yaranka za ku iya kafa tanti ku kwana biyu a gonar wani wajen Haɗeja. Za ku iya, amma fara da gaisuwa. Nemi mai gonar, ya kai ka wurin mai unguwa ko dagaci a san da zamanku. Baƙon da aka hango da tocila cikin gona da tsakar dare, ɓarawon shanu za a ɗauke shi.

Ku je bayan kaka, Disamba ko Janairu, an girbe gero da dawa, fili ya buɗe. Lokacin ne ma tsuntsayen Turai ke sauka a dausayin Baturiya. Sai dai sanyin asuba ba wasa, ku riƙe bargo, da gidan sauro in kusa da fadama ne.

Kada ku yi shimfiɗa kusa da tarin kara. Ni a nan kunama ta harbe ni a ɗan yatsa, na kwana ina salati. A zazzage takalmi kafin a sa. Wuta kuwa nesa da rumbu, a bice ta da ƙasa kafin barci. Da hantsi matan ruga za su wuce da fura da nono, ka tanadi canji.