Dajin tayroyid: me ya sa ba na yarda da kalsitonin sai na ga shaida

Ka ce ire-iren dajin tayroyid, halittar nan da ke gaban wuya, wato medulari da anaplastik da wanda ya fara rasa kamannin tayroyid, duk iri ɗaya suke maka a madubin ƙara girma, kana son in faɗa maka rinin da zai raba su. Halinku ke nan yaran yanzu, ku ɗauki hoto da waya, ku jira rini ya yi muku tunani. Gyaran nama da yanka shi ba zan ɓata baki a kai ba, wanda bai iya wannan ba me ya kawo shi kujerata?

Anaplastik ba ya ɓuya. Yawanci dattijo ne da ya haura 60, wuya ya kumbura cikin makonni, murya ta dushe. Ƙwayoyin wasu dogaye kamar mazari, wasu ƙattai, ga mataccen nama ko'ina. Rinin tayroglobulin, furotin da tayroyid ke yi, ba ya kama su, rinin PAX8 kan kama a wasu. Amma kada ka sa hannu sai ka kore limfoma, dajin ƙwayoyin garkuwar jiki, da rinin CD45 da CD20, don limfoma tana jin magani, mai anaplastik kuwa sau da yawa bai wuce wata shida. Na tsakiyar kuma, wato wanda ya fara rasa kamannin tayroyid amma bai kai anaplastik ba, je ka karanta ƙa'idojin Turin na 2007 na gane shi, ka ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa da kanka.

Medulari ne ya taɓa cina, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Wata mata ce, shekarunta wajen 40. Ƙarin ya zo tsibiri-tsibiri, cibiyoyin ƙwayoyin a gefe, da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Idona ya ce medulari ne. Na sa rinin kalsitonin, sinadarin da medulari ke fitarwa, gilashi ya fito fari fat, wato bai kama ba. Kwalbar rinin kuwa wani dillali ne ya kawo mana, ya rantse ba ta taɓa fita daga sanyi ba. Ranar naman shaida da muke gwada rini a kansa ya ƙare, likitan tiyata yana ta aiko mini, sai na yi aikin babu shaida. Tayroglobulin kuma ya ɗan kama a gefen ƙarin, alhali daga lafiyayyen naman da ya maƙale a ciki ya tsiyayo. Na ƙaryata idona na bi kwalba, na rubuta na tsakiyar.

Aka ba ta aidin mai tururin nukiliya. Ƙwayoyin C da medulari ke fitowa daga cikinsu ba sa shan aidin, aikin banza aka yi. Kusan shekara biyu aka ɗauka kafin a auna kalsitonin na jininta, lokacin ciwon ya kai hanta. Na ɗauko tsohon naman, na sake yankawa da sabuwar kwalba: ruwan ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, wato kalsitonin ya kama. Rinin CEA, wata alamar medulari, shi ma ya kama. Rinin jan Kongo, da ban ko yi ba a farko, ya nuna amiloyid, furotin da kan taru a cikin medulari, kore shar. Da muka ɓare takardar tsohuwar kwalbar sai ga wata a ƙarƙashi, wa'adinta ya daɗe da wucewa. Dillalin nan ya kalli idona ya ce shi ma haka aka sayar masa.

Kuma ɗaya cikin huɗu na medulari gado ne, ta ƙwayar halittar gado mai suna RET. Ɗanta na fari da aka duba, yana da shi. Shekara biyun nan har da nasa aka ci. Ita ma an yi mata tiyata ba a bincika ƙarin da kan tsiro a saman ƙoda ba, wanda kan tayar da hawan jini a teburin aiki. Allah ne ya kiyaye.

Yanzu tashi ka ɗauko gilashin jiya. Nuna mini naman shaidarka na kalsitonin tukuna, sannan mu duba na mara lafiyar.