Kun tambaya, mun amsa: kwamfutar Ikeja, manhajar shago da lissafin batir

Tambayoyin wannan makon sun zo mana ne daga Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende. Aikin ɗan kamfaninmu rubuta manhaja ne da kula da kwamfutocin 'yan kasuwa a nan Legas, don haka a kan abin da hannu ya saba da shi muke amsawa. Ba za ku ga farashin kaya da naira a nan ba, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan na'ura dala suke bi, kuɗin yau daban, na Juma'a daban.

Wata Hajiya mai shagon atamfa a Agege ta ce: "An ba ni shawara in je Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, in sayi kwamfutar cinya tokumbo, wai in dage sai Core i7 don ta fi i5. Lissafin shago kawai zan yi da ita. Wacce zan saya, kuma ta yaya zan kauce wa cuta?"

Hajiya, wanda ya ba ki shawarar ya faɗi rabi ya bar rabi. i5 da i7 sunayen ƙwaƙwalwar kwamfuta ne ta kamfanin Intel, kuma lambar da ke bin bayansu ta fi sunan muhimmanci. Idan kika ga i7-6600U, wannan 6 ɗin na farko yana nufin zubi na shida. Idan kika ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu ake karantawa, kamar i5-10210U.

Ga dalilin da ya sa muke nacewa a kan takwas. Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 daga zubi na takwas ya fara karɓar kwamfutocin Intel. A Ikeja akwai masu ɗora shi da dabara a kan tsohuwar na'ura, saboda haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ne. Ki sa a buɗe miki Settings, a shiga System, sannan About, ki karanta lambar da idonki. Ko sunan samfurin kar ki dogara da shi: HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T480 duk nagari ne ga aikin shago, amma kowannensu akwai wanda ya fito da zubi na bakwai. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, kar ya gaza 8GB, ma'ajiyar kuma ta zama irin mai saurin nan da ake kira SSD, mai 256GB ko fiye.

Batir shi ne inda aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna lambobi biyu, ƙarfin batirin ranar da ya bar masana'anta da abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 24,000, batirin ya ci fiye da rabin ransa, sai a rage miki kuɗin sabo ko ki bar ta. Daga nan a kashe na'urar a sake kunnawa ana danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, F1 in ThinkPad ce, don a shiga shafin saitin na'urar da ake kira BIOS. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, ki ajiye ta ki yi gaba. Yawanci kayan wani ofis ne da ba a buɗe ba, wani lokaci ma na sata. A wannan shafin ne za ki ga lambar na'urar (serial number), ki gwada ta da wadda aka manna a ƙasanta.

Sauran gwajin na minti goma ne. A danna kowane harafi, a soka filashi a kowace kafa, a buɗe farin shafi a cika haske don tabon allo ya fito. Kar ki bi yaran da ke tare mutane a bakin titin Otigba, ki shiga shago mai lamba, a rubuta miki rasit da lambar na'urar da kwanakin garanti. Na'urar da aka gwada a gabanki kuma kar ta bar idonki da sunan za a sa ta a kwali.

Wani dillalin albasa a Mile 12 ya ce: "Wani matashi ya ce zai yi mini manhajar waya mai sunana, kwastomomi su riƙa oda ta ciki. Yana son rabin kuɗi yanzu. In ba shi?"

Alhaji, wannan sana'armu ce, amma gaskiya ɗaya ce: a dakata tukuna. Masu sayen albasa buhu-buhu, masu gidan abinci da matan da ke sari, a waya suke kiranka ko su turo saƙon murya ta WhatsApp. Da wuya su sauke manhaja don dillali ɗaya. Abin da ke cin kuɗin dillali yawanci bashin da aka manta ne da buhunan da ba a san inda suka shiga ba. WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashi, Google Sheets kuma zai riƙe maka sunan mai bashi, kwanan wata, buhu nawa, nawa ya biya. Ka sa yaron shago ya yi wata uku yana cika wannan kullum. In ya kasa, manhajar miliyoyi ma ba za ta ciku ba. In ya iya, to a lokacin ka san ainihin abin da za ka ce a gina maka.

Idan ka kai ga ginawa, kuɗin farko shi ne ƙarami. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin a buɗe asusun sa manhaja a Play Store, Apple kuwa dala 99 duk shekara. Akwai hayar kwamfutar da za ta riƙe bayanan, wata-wata ko shekara-shekara, sau da yawa da dala. Google kuma kusan duk shekara yana ɗaga sharaɗin sigar Android da manhaja za ta dace da ita, wadda aka bari ba gyara sai masu sababbin wayoyi su daina ganin ta. Ka tambayi matashin wa zai yi wannan aikin baɗi, kuma nawa.

Babbar matsalar da ke kawo rigima ita ce ta makulli. Adireshin shafinka, misali mai ƙarewa da .com.ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, a yi shi da sunanka da imel ɗinka da lambar wayarka. Haka asusun Play Store. Asalin rubutun manhajar kuma a ajiye kwafinsa a inda kai ma kake da ikon shiga. In duk suna hannun mai ginin, ranar da kuka saɓa ko ya samu aiki ya bar ƙasar, shagonka na intanet ya tafi da shi, kuma ba ka da takardar da za ka nuna wa kowa. A rubuta yarjejeniya, a raba biya kashi uku ko huɗu, kowane kashi sai ka ga abin da aka gama yana aiki a wayarka.

Sharuɗɗa biyu kar su faɗi daga takardar. Manhajar ta iya karɓar lissafi ko babu intanet, ta tura in ya dawo. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, ya san amfanin wannan. Sannan lambobin wayar kwastomomi amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, don haka a fayyace wa ke iya ganin su.

Wani mai shagon POS da buga takardu a Idi-Araba ya ce: "Mai sayar da inbata ya ce batir ɗaya mai 200Ah zai riƙe mini shago yini guda. Haka ne?"

Malam, ɗauko biro mu lissafa. Kwamfuta wat 45, na'urar raba intanet 10, fanka 60, ƙwai uku na LED 30, cajin wayoyi da na'urar POS 15. Jimla wat 160. A awa takwas kana buƙatar wat-awa 1,280, wato 160 sau takwas. Batir mai 200Ah a kan volt 12 yana ɗauke da 2,400 a takarda, amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya yi shekaru, saura 1,200. Inbata ita ma tana cin nata, kamar kashi 15 cikin ɗari, sai ka tashi da wajen 1,000. Awa shida ke nan da 'yan mintuna. Zai iya kai ka takwas in ka matsa masa, sai dai batirin da ake kwashewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa, daga nan a ce maka jabu aka sayar maka alhali aiki ne ya fi ƙarfinsa.

Kuma ba mu sa firinta a lissafin ba. Ta leza tana jan ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama, ita ce ke sa ƙaramar inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Ko dai ka bar ta sai da wutar Nepa ko janareta, ko ka koma mai tankin tawada wadda ba ta cin wuta sosai.

Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana ɗauke da 1,280, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da illa ba, wato kusan daidai da wancan mai 200Ah. Ya fi tsada a ranar saye, amma ya fi saurin caji, abin da ke da muhimmanci in layinku ba ya cikin rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Ka tabbatar inbatar tana da saitin cajin litiyam. In na ruwa ka saya, ka ajiye shi inda iska ke shiga, ka duba ruwansa duk wata, kuma ruwan batir kaɗai ake zubawa. Fiya wata da ruwan famfo suna kashe shi a hankali.

Wani mai ofishin tikitin jirgi a Obalende ya ce: "In sayi Starlink ne ko in tsaya a kan MiFi?"

Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023 kuma yana da sauri, amma yana son sararin sama ba tare da bene ya kare shi ba, abin da ke da wuya a Obalende. Ruwan sama mai ƙarfi yana katse shi na ɗan lokaci, kuma yana jan wat 50 zuwa 100, wanda zai shiga lissafin batirinka. Ka fara tambaya ko wayar faiba ta iso layinku, ita ce ta fi dacewa da ofis. In babu, ka ari layukan MTN, Airtel da Glo, ka gwada kowanne a kan teburin da kake aiki da ƙarfe tara na safe, biyu na rana da bakwai na yamma, kwana uku a jere. Wanda ya yi na ɗaya ya shiga MiFi, ƙaramar na'urar raba intanet mai cin layin waya, na biyu ya zauna a wayarka da ɗan data don ranar da na farkon ya ɗauke kana tsakiyar biyan tikiti.