Tambaya Da Amsa: In Majalisa Ta Kira Minista Ya Ƙi Zuwa, Me Za Ta Iya Masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah kullum muna ji a rediyo wai majalisa ta gayyaci minista kaza ta ba shi sa'o'i 48 ko kwana bakwai ya bayyana, daga nan sai mu ji shiru kamar an shuka dusa. Shin dole ne minista ya amsa kiran nan ko ganin damarsa ne, kuma in ya ƙi me za su iya masa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A doka dole ne. Sashe na 67 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in majalisar dattawa ko ta wakilai ta gayyaci minista ya zo ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa to wajibi ne ya zo. Sashe na 88 ya ba su ikon binciken duk hukumar da ke aiki da dokar da suka yi ko take kashe kuɗin da suka ware, don gyara doka ko kuma bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci, sai sashe na 89 ya ƙara musu da ikon tura sammaci, su sa mutum ya rantse kafin ya yi magana, su ce ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba su fitar da warantin kama shi a kawo shi gabansu.

Toh amma ka tambayi kanka wa zai je ya kamo shi? Ɗan sanda. Shi kuma ɗan sandan a ƙarƙashin wa yake? Sufeto Janar, wanda shugaban ƙasa ya naɗa, shugaban da shi ne uban gidan ministan da ake son kamowa. Nan matsalar take. Ai mun gani a 2018 lokacin da majalisar dattawa ƙarƙashin Bukola Saraki ta kira Sufeto Janar Ibrahim Idris har sau uku bai zo ba, ƙarshenta sai kawai suka ayyana shi a matsayin maƙiyin dimokuraɗiyya, ya ci gaba da zama a ofis ɗinsa har ya yi ritaya a farkon 2019. Haka a 2017 suka dage sai shugaban kwastam Hameed Ali ya zo musu sanye da kaki, bai sa ba, kuma bai bar kujerarsa ba.

Sannan ko ministan ya zo an titsiye shi an gano laifi ƙarara, majalisa ba ta da ikon korarsa. Ita ce ke tantance shi kafin ya hau, ina nufin majalisar dattawa, amma cire shi aikin shugaban ƙasa ne shi kaɗai. Abin da suke iya yi shi ne su rubuta rahoto su zartar da ƙuduri, ƙudurin nan kuwa shawara ce kawai, shugaba ya ga dama ya ɗauka ya ga dama ya ajiye.

Duk da haka kar ka ce aikin banza ne, ni ban yarda da masu cewa haka ba. A 2013 da aka gano an sayo motoci biyu ƙirar BMW masu sulke a kan naira miliyan 255 a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, kwamitin majalisar wakilai ya zaunar da minista Stella Oduah a bainar jama'a, surutu ya yi yawa, a watan Fabrairun 2014 Jonathan ya sauke ta. Haka binciken tallafin mai na 2012, bayan zanga-zangar watan Janairu, an kira ministar mai da ministar kuɗi da shugabannin NNPC da 'yan kasuwa ana haskawa kai tsaye a talabijin, a nan ne talaka ya ji da kunnensa cewa naira biliyan 245 aka ware wa tallafi a kasafin 2011 amma abin da aka ce an kashe ya haura tiriliyan 2. Da ba a yi zaman nan ba wa zai faɗa mana?

Abin da ke min ciwo wallahi shi ne yadda masu tambayar da kansu suke ɓata aikin. Shugaban wancan kwamitin na tallafi, Farouk Lawan, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola, aka yanke masa shekara 7 a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, kotun ƙoli ta tabbatar a 2024. Rahoton da ke ɗauke da gaskiya mai yawa haka ya rasa darajarsa a idon mutane. A watan Yulin 2020 kuma, wajen binciken hukumar raya yankin Neja Dalta, muƙaddashin shugaban hukumar ya kife a kan teburi ana cikin yi masa tambayoyi aka fitar da shi, da aka zo kan minista Godswill Akpabio sai ya ce ai yawancin kwangilolin 'yan majalisa ake ba wa, mai jagorantar zaman ya dinga roƙonsa ya kashe makirfo. Kakakin majalisa ya ba shi sa'o'i 48 ya kawo sunaye, daga baya Akpabio ya sassauta maganar. Duk wanda hannunsa ke cikin kwangilar ma'aikata ba zai iya ɗaga murya ya tambayi ministanta ba, kuma ministan ya san da haka tun kafin ya shigo zauren.

Inda majalisa ke da ƙarfi na gaske shi ne kuɗi. Sashe na 80 ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da amincewarta, shi ya sa ministan da ke ƙin amsa gayyata duk shekara za ka gan shi da kansa ya zo da manyan daraktocinsa da kundaye lokacin kare kasafi, don ya san kwamiti na iya rage masa kuɗi ko ya ƙi duba kasafin nasa gaba ɗaya. Wannan ranar ce ya kamata a ce masa ranka ya daɗe bara mun ba ka kaza, nawa aka sakar maka, ina aikin, kawo mu gani. Amma ita ma ranar an sha ɓata ta. A 2005 Obasanjo ya kori ministan ilimi Fabian Osuji kan zargin ba wa 'yan majalisa naira miliyan 55 don su gyara masa kasafi, shugaban majalisar dattawa Adolphus Wabara ya sauka a kan maganar, duk da sun musanta kuma shari'ar ta yi shekaru tana jan ƙafa. Buhari ma da zai sa hannu a kasafin 2022 sai da ya koka cewa an cusa sabbin ayyuka 6,576. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, majalisa ta ce ba haka ba ne ta dakatar da shi wata uku. A ra'ayina ko da bai yi daidai ba, abin da ya kamata shi ne a baje lissafin a fili kowa ya gani kafin a yi maganar hukunci.

TAMBAYA: Malam na ga bidiyo a Facebook firaministan Ingila a tsaye 'yan majalisa na ta jefa masa tambayoyi ana ihu. Me ya hana a yi wa shugaban ƙasarmu haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Tsarin ne ba ɗaya ba ƙanena. A Ingila firaminista da ministocinsa duk 'yan majalisa ne, a cikin zauren suke zama, gwamnati na nan ne muddin rinjayen majalisa na bayanta. Duk ranar Laraba da ƙarfe 12 na rana in majalisa na zama, firaminista na tsayuwa kamar rabin awa, jagoran adawa na da tambayoyi shida, sauran 'yan majalisa kuma ana yin ƙuri'a a fitar da waɗanda za su yi. Sauran ministoci su ma suna da ranakunsu bi da bi, ga kuma tambayoyi a rubuce da ake amsawa a rubuce a buga kowa ya karanta, kuma a gaskiya waɗannan na rubucen sun fi fitar da bayani fiye da hayaniyar da ka gani a bidiyo.

Mu ma mun yi irin wannan tsarin a jamhuriya ta farko zamanin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, har sojoji suka kifar da shi a 1966. Tun 1979 muka koma salon Amurka, inda ɗan majalisar da aka ba minista dole ya bar kujerarsa. Game da shugaban ƙasa kuwa sashe na 67 cewa ya yi yana iya zuwa, bai ce dole ba. Bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari a ƙarshen Nuwamban 2020 majalisar wakilai ta gayyaci Buhari, har an sa rana, sai ministan shari'a Abubakar Malami ya fito ya ce majalisa ba ta da hurumin kiransa, bai je ba. Ni dai ina ganin ko ba a canza tsarin mulki ba, babu abin da ya hana majalisa ta ware rana guda duk mako ministoci su riƙa zuwa bi da bi suna amsa tambaya a zaure, tun da su dole ne a kansu.

TAMBAYA: Ni daga Maraɗi nake, nan wajenmu na tuna majalisa ta taɓa kayar da gwamnati sukutum. Ashe ku can ba a iya haka?

AMSA: Ba a iyawa Alhaji. Ku tsarinku na wancan lokacin akwai shugaban ƙasa akwai firaminista, kuma majalisa na iya kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna. Haka aka yi wa firaminista marigayi Hama Amadou ranar 31 ga Mayun 2007 zamanin Tandja, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatinsa a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi, aka naɗa Seyni Oumarou. Mu nan sai dai tsige shugaban ƙasa da kansa, hanya mai tsawo da ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, kuma ba a taɓa kai ta ƙarshe ba.

TAMBAYA: Malam mu a ƙauyenmu an ce an sa mana asibitin sha-ka-tafi a kasafi, an zo an kafa allo an zuba yashi tirela biyu shikenan, matanmu na naƙuda sai an ɗauke su a babur zuwa cikin gari. Ta yaya mu talakawa za mu sa a tambayi minista wannan? Daga wata uwa a jihar Jigawa.

AMSA: Allah ya kawo muku sauƙi Hajiya, wannan tambayar ta fi duk sauran taɓa ni. Abu na farko ku tabbatar aikin na waye, don asibitin matakin farko sau da yawa na ƙaramar hukuma ne ko na jiha, wani lokacin kuma aikin mazaɓa ne da ɗan majalisar tarayya ya saka ta wata hukuma. Allon da aka kafa yakan nuna hukumar da ta ba da aikin da sunan ɗan kwangila, ku ɗauki hotonsa yau ɗin nan kafin iska ko wani ya cire shi, ku ɗauki hoton filin ma. Ku samu yaro mai waya ya duba kasafin tarayya a shafin ofishin kasafi, ana sa shi a intanet da sunan aiki da garin da adadin kuɗin.

In na tarayya ne, ku rubuta takardar koke, ba sai da dogon turanci ba, sunan aikin, shekarar, kuɗin da aka ware, abin da ke ƙasa yanzu, mai unguwa da liman da shugabar mata da matasa su sa hannu, ku kai wa ɗan majalisarku na wakilai ko sanata don shi ne zai gabatar da ita a zaure a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a, kwamitin kuma yana da ikon kiran hukumar da ɗan kwangilar. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In kun lura shi kansa ɗan majalisar ne ke da hannu a aikin, to kar ku tsaya a kansa, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci na bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019 kuma ta sha tilasta 'yan kwangila komawa bakin aiki, akwai kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke karɓar irin wannan rahoton. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ku dama ku rubuta wa hukumar kai tsaye ku ce nawa aka biya kuma wa aka biya, dokar ta ba su kwana 7 su amsa, sau da yawa ba sa cika wa'adin amma takardar na zama hujja a hannunku.

In kuma aikin na jiha ne, majalisar dokokin jiha da ke Dutse na da irin wannan ikon a sashe na 128 da 129, tana iya kiran kwamishinan lafiya, kuma ɗan majalisar jiha ya fi kusa da ku, wataƙila ma kun san gidansu. Ku je ku da yawa, ku tafi da takardar da hotunan, ku nemi ya faɗa muku ranar da zai gabatar, sannan ku kai kwafi gidan rediyo mafi kusa da ku a karanta a shirin ƙorafin jama'a.